Cacar Baka

Shagona taku biyar ne da rabi,
bayan mashigar kwale-kwale a Kusiri,
amma duniya biyu na kwana a ciki,
kan tebur guda, tsakanin dalma da sukudireba.

In na murɗa allura hagu, Mosko ce:
talakawa ku haɗa kai, gona ta kowa ce.
In na dawo dama kaɗan, Amurka:
kowa ya tashi ya nema, kasuwa uwa ce.
Tsakaninsu faɗin ƙwayar gero,
cike da shuuu, kamar ana suyar gyaɗa a yashi.
Cikin wannan shuuu ɗin muka yi gida.

Isiyaku ƙanena ya tafi karatu
can inda majina ke daskarewa a hanci.
Shekara shida, ya dawo da hular gashi
da takardar sanin cikin tarakta.
Taraktar ta biyo shi, ja wur,
ta yi damina ɗaya, ta rasa wani ɗan ƙarfe
da bai kai tsawon yatsa ba.
Kaji ne ke ƙwai a ƙarƙashinta yanzu.

Barka kuwa direban Amurkawa ne a ƙetare,
yakan kawo mana buhun alkama
mai hoton hannu biyu suna musabaha.
Matata ta ɗinka wa yaro wando da buhun,
musabahar ta faɗo daidai kan mazaunai.

Kullum bayan la'asar suna kan bencina,
wannan ya ce gurguzu, wancan ya ce jari-hujja,
jijiyar wuya ta tashi, shayi ya huce,
su miƙe su kaɗe riga,
ba wanda ya tuna da Adum mai shayi.
Ni nake biya.

Sai shekarar da Njamena ta kama da wuta.
Muna tsaye a gaɓa kamar 'yan kallon silima,
har wani abu ya tsallako kogi
bai nemi ɗan fito ba,
ya sauka kan rumfar mai banda.
Mutane suka rufe ruwan Logon,
katifa a ka, akuya a wuya.

Ranar wata mata, Kaltuma, ta shigo
da rediyo a goye.
A goye fa, da zane, da majanyi.
Ban tambaye ta ina mai zanen yake ba.
Harsashi ya shiga ta lasifika, bai fita ba.
Ta ce, gyara min,
ko za su faɗi sunan waɗanda suka rage.

Na zaro shi da hantsaki, na juya a tafin hannu:
ba rubutu, ba tuta.
Isiyaku ya ce ba na mutanensa ba ne.
Barka ya rantse ba na mutanensa ba ne.
Na ce to, ƙila a fadama yake tsirowa.

Da magariba rediyon ya yi tari, ya yi magana.
Ba sunan kowa.
Wasu manya sun zauna a wani birni mai sanyi
suna ƙirga makamai kamar masu rabon gado,
mai labari ya kira abin yaƙin cacar baka.
Kaltuma ta saurara har ƙarshe,
ta ninke zanenta, ta fita.

Cacar baka.
Bakin wa?
Mu dai a nan bakin bindiga muka ji.

An jima aka ce wata katanga ta faɗi a Jamus,
wai an gama, ba a harba ko ɗaya ba.
Isiyaku na sayar da fetur a kwalba.
Barka ya riga mu, Allah ya jiƙansa.
Harsashin na cikin gwangwanin kusoshi,
in na girgiza, nasa amon daban ne.

Rediyon kuwa yana nan a saman kanta.
Kuɗin gyara sefa ɗari uku.
Na buɗe littafin bashi tun wancan lokaci,
har yau ban san sunan wa zan rubuta ba.