Gida Mai Igiya

Igiya guda ce tsakanina da Tungar Kakale.
Na ɗaura ta a saiwar giyayya,
bana damina ta huɗu ke nan.
Duk shekara sai na sake ƙulli,
don gulbin Rima ba ya tuna alkawarin bara.

Daren da aka saki ruwan Goronyo
ɗakunanmu uku suka narke
kamar curin fura a cikin nono.
Turmi ya tsira, da tabarma, da akuya mai ƙaho ɗaya,
da jirgin da ubana ya sassaƙa.
Na haɗa shi da na Jabbi,
wanda ya tafi su Yawuri bai waiwayo ba,
na shimfiɗa katako, na kafa bukkar kara,
Kulu ta ɗinke buhunan taki, muka rufa.
Ta ce, “Kwana bakwai dai, Nomau.”
Bakwai ɗin nan ne har yau muke ƙirgawa.

Murhunmu tsohon daro ne cike da yashi.
Tsintsiyarmu ba ta san ƙasa ba,
ɓawon gargaza kawai take turawa gulbi.
In cokali ya faɗi, ba a cigiya.

Alƙibla ma a nan ba ta kwana wuri ɗaya.
Nakan kwanta gabas na bisa kaina,
in farka ta koma wajen ƙafafuna.
Sai in tsaya cikin duhun asuba, buta a hannu,
in jira tarin ladan a lasifika
ya gaya mini inda duniya ta juya.

Wani yaro ya zo rabon gidan sauro,
da littafi da alli.
Ya ce, “Baba, ina bangon da zan sa lamba?”
Na nuna masa cikin jirgi.
Ya duƙa ya rubuta talatin da biyu,
kafin la'asar tarwaɗa ta karanta, ruwa ya goge.

Da bazara gulbi kan rame,
ya bar mu zaune kan rairayi kamar baƙi a tasha.
Injinan masu albasa su yi ta tsotsar abin da ya rage,
awakin gari su zo shan inuwa ƙarƙashin gadonmu.
Lokacin ne Kulu ke yawan faɗa.
Wai gidan da ba ya motsi
shi ke sa mutum jin nauyin kansa.

A nan aka yanke wa Ige cibiya.
Ungozoma ta hau da kyar, tana salati, tana riƙe da gwangwala.
Da aka rasa inda za a binne mabiyiya
na tsallaka da fartanya,
na haƙa gindin giyayyar nan, dab da ƙullin.
Taki ɗaya ne, ko bai kai ba.
Duk faɗin ƙasar Sakkwato
shi ne filin da na sani namu ne.

Yanzu tana tafiya, ƙafa a ware.
Bisa katako ba ta taɓa faɗuwa ba,
amma ranar kasuwa, a kan tudu,
sai ta yi ta tangaɗi tana kama zanen uwarta,
yaran gari na dariya, suna ce mata ɗiyar kainuwa.

Mai unguwa Bagudu ya yanka mini fegi bayan makaranta.
Ya ce, “Ka tasam ma tsufa, ka hito haka nan.”
Na gode masa. Na ma buga tubali ɗari biyu,
suna can, ƙadangaru na shan hantsi a kai.

Jiya da dare hadari ya haɗo daga Wurno.
Na ji igiya na ƙara, giyayya na nishi,
bukka ta karkata, ta dawo.
Kulu ba ta ko buɗe ido ba,
hannu kawai ta miƙa ta dafe tulu,
ta ce, “In ka fita, ƙara ƙulli ɗaya.”