Kwantan Yaƙi

A Emerson na saye ta, ranar wata Talata,
a shagon Delorme, bayan buhunan abincin kare.
Ya ɓalle murfin akwati, ga su ashirin a kwance,
kai da ƙafa kamar kifin gwangwani,
kowace ta sha giris har wuya.
Kwantan yaƙi, in ji shi, ɗari biyu da arba'in,
kuma da dalarmu ta Kanada, ramammiyar.

Da dare Arlen ya bugo daga Pembina.
Mijin ƙanwata ne. Tafiyar minti goma ce tsakaninmu,
in iska ta juyo daga kudu
har tarin tarakta tasa nake ji.
Na faɗi kuɗin. Ya yi shiru,
na ji kofi ya sauka a kan tebur.
"Orest, a nan ɗari bakwai ce, in ma ka samu."

Shekara talatin yana yi mini gori:
mai ya fi araha a wajensu, da cuku, da taya.
Ran nan na bar shi ya daɗe a shirun.

Sai ya kama lissafi, sha tara sun rage a akwati.
Muka sa ladan dillali, muka sa na kwastan,
takarda mai neman takarda, hatimi mai jiran hatimi,
da dokar da ta ce wannan ta shiga, ƙanwarta kar ta shiga.
Kafin ƙarfe goma riba ta narke a bayan ambulan.
Kogin Ja kaɗai ke ratsa iyakar nan
ba a tambaye shi me ya ɗauko ba.

Kwana uku ina gareji da kananzir da tsohuwar singileti.
Ƙarfe ya fito, da shekararsa, arba'in da uku.
Itace ya fito.
A hagu, inda kunci ke sauka,
wurin ya yi baƙi, ya yi santsi,
ba nawa kuncin ya yi wannan ba.
Ƙasa kaɗan, da tsinin wuƙa,
wani ya tona baƙaƙe shida da ban iya karantawa.

Na kai wa mahaifiyata hoton a gidan tsofaffi na Vita.
Tasa'in da ɗaya, ta manta abin da ta ci da safe,
amma rubutun iyayenta bai bar ta ba.
Ta kai shi dab da hanci. "Odarka," ta ce.
"Ba sunansa ba ne. Sunan mace ne."
Ta ce nawa? Na faɗa.
Ta ce ai ko tabaran idona sun fi ta tsada.
Sai ta nemi a ja mata labule.

Na koma wa Delorme da labarin.
Ya ce ash, da na gani da na rage maka ashirin,
masu tabo ba sa tafiya da wuri.

Lahadi Arlen ya ƙetaro cin abinci.
Ya duba cikinta sau biyu, ya ɗaga ta ya saita bango,
kuncinsa ya faɗa daidai kan baƙin wurin,
ba tare da ya nema ba.
Ya sauke ta da sauri, ya goge fuska da hannun riga.
Can ya ce, "Wajenmu, sunan nan ƙarin ɗari ne."
Ba wanda ya amsa. Matata ta miƙo dankali.

Har yau ban harba ta ba.
Tana kabad, mabuɗi yana gwangwanin sukari.
Shi kuwa da ya isa shinge da magariba
jami'i ya ce, me ka ɗauko daga can?
Ya ce kwalbar kokwamba mai tsami, guda ɗaya,
ta surukata ce, ba ta sayarwa ba.