Hannu Biyu da Bakin Bindiga

A shagon Asumanu, can Bilbis, bayan mai faci,
dala ashirin ke sayen rabin awa na tsoro.
Na'urar, wansa ya aiko ta daga Abijan
cikin kwali ɗaya da atamfa da maganin sauro.
Na biya. Na zauna kan bencin da ke rawa.

Ba ni da fuska a wasan nan.
Hannu biyu kawai, da bakin bindiga,
da tocila mai lumshe ido kamar tana gyangyaɗi.
Asibiti ne, wai, da aka gudu aka bari,
gadaje a kife, famfo na ɗiga, ɗis, ɗis,
ni kuma ina tafe cikin jikin aro.

In za a yaba, a fara da mai sauti.
Shi ya san ta kunne tsoro ke shiga:
ƙyaure ya yi ƙiii a hagu,
numfashi a ƙeya,
na waiga, ba kowa.
Gumi na bin gadon bayana
alhali fanka na juyi a bisa kaina.
A yaba wa wanda ya yi rowar harsashi.
Shida ya ba ni, ina ƙirga su
yadda Inna ke ƙirga tiyar hatsi in rani ya yi tsawo.
Wanda ya ɓarar da biyu a kan inuwa
zai gane kurensa a ƙarshen lungu.

Amma fa, Asumanu, hajarka da sauran gyara.
Dodon nan mai haƙarƙari a waje,
ranar farko saura ƙiris in jiƙa wando,
rana ta bakwai har gaisawa muke,
don kusurwa ɗaya yake ɓullowa, da kuka ɗaya,
kamar mai bin bashi.
Jiya ƙafarsa ta maƙale cikin bango,
yana ta tafiya, ba ya gaba,
yara na riƙe ciki don dariya.
Kuma wane irin namiji ne wannan,
bindiga huɗu a kafaɗa, gurneti a ƙugu,
ƙofar katako ta tsare shi sai ya nemo makulli?
Labarin ma takardu ne zube a ƙasa,
Faransanci mai tsawon igiyar rijiyar Adar,
kowa dannawa yake, ya wuce.

Akwai Agali.
Ba ya biya, ba ya wasa, jikin ƙofa yake tsayawa
tun da suka taso daga arewa bara,
shi da kakarsa da awaki uku.
Daren Talata, ina tsakar ɓarin wuta,
ya ce, a hankali, kamar mai gyara wa wani karatu:
"Ba haka take ƙara ba.
Ta gaske busassa ce, kamar an karya kara.
Bayanta kuma babu kiɗa.
Ko tumaki shiru suke yi."

Kafin in sami abin faɗi, kuran ya ɗauke.
Wannan duhun ba irin na allo ba ne,
babu kibiya mai nuna hanya,
babu ma'aunin rai a kusurwa,
sai numfashin mutum tara da warin gumi.
Wani ya haska salula.
Asumanu ya ce, "Saura minti tara, ka cike gobe."

Da wuta ta dawo, allo ya tambaye ni,
cikin ladabi, ko zan sake gwadawa.
Sau goma sha ɗaya na mutu a lungun nan,
sau goma sha ɗaya na miƙe, riga ko tabo babu.
Na juya in miƙa wa Agali abin dannawa,
sai ƙofa da labule.

Gobe zan koma, ba zan yi muku ƙarya ba.
Ina bin Asumanu minti tara,
kuma har yau ban ga abin da ke bayan koriyar ƙofar ba.
Sai dai zan ce ya rage ƙarar.