Kifi Biyu, Lemo da Wuƙa

A hawa na uku, a Flensburg,
inda taga ke kallon jiragen ruwa,
na kwantar da zanen a tebur kamar majinyaci.
Aikina ke nan: auduga a bakin tsinke,
in ɗebe dauɗar shekara ɗari
ba tare da na ta da mai barci ba.

Kifi biyu a faranti. Rabin lemon tsami. Wuƙa.
Buta mai karkataccen wuya.
Teburin ya tuntsuro gaba
kamar zai juye maka komai a cinya.
Kifin ba launin kifi gare shi ba,
kore ne irin na ƙurjin da ya kwana uku,
an zagaye idonsa da ja, an sake zagayewa.
Inuwar butar shuɗiya ce,
ta kuma faɗi wajen da haske ke fitowa,
don taurin kai.

Detlef, mai zagayawa da baƙi, ya haddace karatunsa:
kifi mutuwa, lemo tsamin rayuwa,
wuƙa yaƙin da bai daɗe da ƙarewa ba,
teburin kuwa duniya ce da ta rasa ƙafa.
Baƙi su gyaɗa kai, su nufi wurin shan kofi.
Ban ce ƙarya yake ba.
Amma mai tsayawa taku uku daga bango
labarin ruwa yake ji, bai jiƙe ba.

Ni fitila nake kwantarwa a gicciye,
sai fenti ya tashi, tudu da kwari.
A nan burushi ya gaza, aka jefar,
aka yaɓa launi da ƙarfe
kamar mai toshe rufi hadari na kansa.
A nan an kankare har zare ya bayyana.
Farin cikin kifin,
ba murna nake nufi ba, farin tumbinsa,
ba fenti ba ne, tsiraicin ƙyalle ne:
farin ya ƙare masa, ko kuɗin farin.
Ga gashin burushi guda ya nutse a rawaya.
Ga shatin babban yatsa a ɓawon lemo,
har yau yana dannawa.

Da muka sa na'urar hoton ƙashi,
ƙarƙashin duhun da ke hannun hagu
sai ga kofi.
Cikakke, har da mariƙinsa.
An zana shi da natsuwa, shi kaɗai a duk zanen,
sannan aka binne shi da baƙi, shafi uku.

Ran Alhamis Irmtraut ta hawo da sandarta,
jikar mai zanen, ta haura tamanin.
Ta saurari fassarar Detlef har ƙarshe,
ta yi dariyar da ta koma tari.
Ta ce: uwata na da shekara shida,
tana zaune a ƙasa tana jiran ya gama a soya.
Kuka take, shi ya sa hannunsa ke gudu.
Koren nan? Kifin ya fara juyawa ne.
Ƙafar teburin kuwa murhu ya ci ta da hunturu,
littattafai aka tokara.

Detlef ya ce: to, ai duk ɗaya ne.
Wataƙila ma ya yi gaskiya.

Na miƙa mata hoton kofin.
Ta riƙe shi nesa, ta kawo shi kusa,
ta daɗe tana gyara tabarau da ba su goce ba.
Wani jirgi ya yi ƙugi a waje.
Ta ce: mutum uku ne a gidan kafin sanyin.
Ta mayar mini da shi a kife.

Da yamma na koma kan aikina.
Audugar ta bi faranti, ta bi wuƙa,
lemon ya farka har ya kusa sa ni yawu.
Da na iso gaɓar baƙin, na ɗaga hannu.
A takardar rahoto na rubuta:
wannan duhun ba dauɗa ba ne,
na mai shi ne.
A bar masa.