Tsakuwar Ladingo

A fadamar rake, gabas da Maƙarfi,
akwai wata tsamiya da ba a kafa wa allo ba.
Kakata ce ta nuna min ita da haɓa,
ta ce, a nan aka fara cewa a'a.

Jingar lokacin, kunya ɗari sule biyu.
Amma Barau, wakilin mai gona, shi ke ƙirga,
kuma a bakinsa ɗari takan rame,
ta koma tamanin kafin la'asar.
Wa zai ja da mai littafi?

Ladingo ba ta san baƙi ba, balle boko.
Tuwo take kai wa gona.
Sai ta fara jefa tsakuwa a ƙoƙo,
duk kunyar da Dogara mijinta ya tayar, ɗaya.
Ranar biya ta juye ƙoƙon a gaban jama'a:
"Barau, ƙirga waɗannan.
Su ba sa tsoronka."

Da gari ya waye, garma arba'in
na kwance a gindin tsamiya, baki sama.

Kwana tara.
Jatau, ɗan ci-rani daga Kachia,
ya kwance bakin buhun dawarsa, guzurin komawa gida,
bai tambayi kowa ina yake sallah ba.
Tanimu gurgu ya hau jakin aro har Gimi,
yana roƙon 'yan can kada su zo su karɓi aikin.
Wasu sun zo. Yawanci ba su zo ba.
Ciyawa kuwa ba ta san yaji ba,
ta yi ta cin gonar mai gona.

A na goma aka ƙara sisi,
aka yarda a riƙa ƙirga da ido biyu.
Sisi fa.
Amma Dogara bai sake samun jinga a fadamar ba.
Kafin kaka suka ɗaure kaya,
wasu sun ce Ikara, wasu sun ce gaba da nan.
Ba wanda ya san inda aka rufe ta.

Bara na je.
Samari na saran rake, suna lissafi a waya,
suna gardama da wani sabon Barau mai babur.
Na tambaye su Ladingo, suka ce ta wace unguwa?

Na sunkuya na ɗauki tsakuwa ɗaya.
Har yau tana aljihuna,
tana cin yadin a hankali.