Bakin Tsinke

A layin masu turare na Kasuwar Wunti,
rumfa ta uku in ka wuce masu tabarmi,
nan Baffa Gidado ya shekara talatin da ɗoriya
yana sulhu tsakanin ƙamshi da ƙamshi.

Akwai kwalbar da ba ya jerawa a gaba,
gajera, baƙa, an naɗe wuyanta da tsumma,
tana ɓoye bayan gwangwanin farce da buhun kajiji.
Ran da na fara buɗe ta, ina ɗan shekara goma,
na yi baya da tsalle, na toshe hanci:
“Baffa, bunsuru ya mutu a ciki!”

Ya yi dariya har hula ta karkace.
“Man kustu ne, Ɗanjuma. Saiwa ce.
Daga duwatsun ƙasar Hindu take zuwa,
can inda sanyi ke daskarar da ruwa.
A tono, a shanya, a turara, a tatse,
saiwa tuli, mai ɗan kaɗan.”

Ya karkata kwalbar, man ya taho a hankali,
da kauri, ruwan zuma, ba ya sauri don kowa.
Na ji karen da ruwan sama ya daka,
na ji rigar makiyayi,
na ji kan da ya kwana bakwai bai ga sabulu ba,
can ƙasa kuma, in ka daure,
tsohon katako da ƙasa mai laima.

“Wardi baƙo ne,” in ji shi, “ba ya kwana.
Ƙamshin lemo, kafin ka kai titi ya tsere.
Kowane mai daɗi ɗan gudu ne.
Wannan mummunan shi ne turke,
shi ke ɗaure su a jikin riga har gobe.
Wa ke cin daddawa gayanta?
To, cire ta daga miyar kuka ka ji.

Amma tsinke, yaro, ba cokali ba.
Ya yi yawa, fata ta yi ƙaiƙayi,
mai saye ya yi fushi.”

Ban ji ba. Na zuba ɗigo uku a humrar Goggo Tabawa.
Washegari ta dire kwalbar a gabanmu,
ta rantse awaki sun raka ta har Unguwar Jahun.
Baffa ya biya, bai dake ni ba,
ya dai miƙo mini tsinke ya ce, “Sake.”

Bara da damina muka kai shi makwanci.
Kafin in dawo an wanke kayansa duka,
huluna a kan igiya, fes, ba kowa a cikinsu.
Na shinshina sandal, ba ya nan.
Na shinshina miski, ba ya nan.

Sai ran da na koma rumfa,
hannuna ya kai bayan buhun kajiji,
na kwance tsumman nan.
Ga ƙeyarsa. Ga gumin hularsa ran Juma'a,
ina bisa wuyansa, na riƙe kunnuwansa,
muna ratsa taro a ƙofar masallaci.

Wata mata ta tsaya tana sallama:
“Mai turare, lafiya kake hawaye?”
Na ce mata man ne ke da ƙarfi.
Na tsoma tsinke.
Na ɗiga mata ɗaya.