Inda Gefe Uku Suka Haɗu

A ƙarƙashin rumfar kara, nan Kanya,
batirin sola saura kashi goma sha tara,
ina zana maƙalin injin ɓarar gyaɗar Inna Kande
da ya karye ranar kasuwa, karo na biyu.

A kan allo ƙarfen na tsaye, ruwan toka,
kowace fuska a miƙe kamar an ja ta da zare,
gefuna da kaifin da ko inuwa sai ya yanka.
Na juya shi da linzami, na yaba wa kaina.

Baba Barau na can yana fafe cikin ƙirya.
Shi bai san manhaja ba, gizago ya sani.
Ya leƙo, ya kanne ido ɗaya,
ya ɗora yatsa mai kanta a kan gilashin:
“Nan zai sake tsagewa.
Gajiya ba ta kwana a fili,
lungu take nema.”

Na zaɓi gefen, na buga milimita takwas.
Kwamfuta ta ƙi. Jan rubutu.
Wai lanƙwasar ta fi ƙarfin fuskar da ke maƙwabtaka,
za ta cinye ta har bakin ramin noti.
Na sauko biyar. Ta ƙi.
Can inda gefe uku suka haɗu
nan rigimar take,
kamar iyakar gona tsakanin magada,
kowa na cewa kunyar tasa ce.

Saura kashi tara.
Akuya ta taka min waya.
Na yi tsaki.

Tsohon bai ɗago ba, sara kawai yake:
“Da wanne ka fara?”
Na ce da ƙananan.
Ya yi dariya har gizagon ya tsaya.
“Babban kafaɗa ake fara ci, yaro,
ƙananan su biyo sawu.
Wa ya taɓa gyara leɓen turmi
tun bai fitar da ƙugu ba?”

Na goge duka, na koma baya.
Babban lungu tukuna: takwas ta zauna daram.
Sai na waje, biyu, biyu,
kusurwar ta narke kamar man shanu a tuwon dawa,
haske ya zame a kanta bai yi tuntuɓe ba.

Na tuna tabon da ke tafin Inna Kande,
wanda tsohon maƙalin ya bar mata.
Na ƙara ɗaya da rabi
a wurin da hannu ke kamawa.
Ba don ƙarfe ba, wannan.

Gobe Ilu mai walda a Gumel
zai ce na cika fitina da lanƙwashe-lanƙwashe,
ya ƙara min kuɗin goga. Na yarda.

Na adana. Allo ya mutu.
A cikin baƙin gilashin ina hango Baba Barau
yana zagaya bakin turmi da babban yatsa,
a hankali,
ido a rufe,
yana neman abin da ya rage.